Yadda wuta ke tsallaka layi ta cinye shagon da ke kulle

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda ne ya aiko da tambaya. Ya ce gobara ta tashi da tsakar dare a layin da ke fuskantar nasu, kuma tsakanin layukan biyu akwai hanyar da mota ke wucewa. Shagonsa a kulle yake da ƙofar ƙarfe, ba ya ajiye janareto a ciki, kuma ya kashe wutar lantarki kafin ya tashi. Duk da haka kayansa sun ƙone ƙurmus. Masu gadi sun rantse masa cewa harshen wutar bai tsallako ba, su dai sun ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofarsa, can kuma sai shagon ya kama. Yana so ya sani: hakan na yiwuwa, ko sa hannu aka yi? Ya kuma tambayi dalilin da ya sa wutar ta ƙara bazuwa sa'ad da aka watsa ruwa a kan janareton da ke ci a ɗaya layin.

Alhaji, kafin komai ina yi maka jaje. Allah ya mayar maka da mafificin alheri, ya kiyaye gaba. Na yi shekaru ina aikin kashe gobara, daga baya na koma horar da sababbin ma'aikata, kuma wannan tambaya taka na sha jin ta daga bakin mutanen da ke tsaye a kan tokar dukiyarsu. Gano abin da ya tayar da gobararku aikin masu binciken da suka tsaya a wurin ne. Amma abin da masu gadin nan suka gaya maka abu ne da ke faruwa, na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Kada ka bari zargi ya shiga tsakaninka da maƙwabtanka a kan wannan kaɗai.

Zan fara da wani ɗan gwaji da nake sa kowane sabon ma'aikaci ya yi a ranarsa ta farko, kai ma kana iya yin sa a tsakar gida. Kunna kyandir, ka bar shi ya ci na minti ɗaya, sannan ka hure shi. Za ka ga wani farin hayaƙi siriri yana tashi daga lagwanin. Yi maza ka kai ashana mai ci cikin wannan hayaƙin, kamar faɗin yatsa biyu sama da lagwanin, kada ka taɓa shi. Wutar za ta bi hayaƙin ta gangara, kyandir ya sake kamawa. Wannan farin abu tururin kakin kyandir ne, kuma shi ne ainihin abin da ke ci tun farko. Aikin lagwani kawai ya jawo narkakken kaki zuwa inda zafi yake, zafin ya mayar da shi tururi.

Haka lamarin yake ga ice, da tufafi, da kwali, da katifa, da leda. Duk inda ka ga harshen wuta, iska ce mai kamawa take ci, wadda zafi ya tatso daga jikin abin. Ka tsuguna gaban murhu ka lura da ɗanyen ice. Da farko ruwan cikinsa ne ke fita, har za ka ga kumfa tana tsatsafowa ta ɗaya bakin tana shuu. Muddin ruwan nan bai ƙare ba, wurin da yake ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba, shi ya sa ɗanyen ice ke wahalar da mai girki. Idan ya bushe, zafinsa ya kai tsakanin digiri 200 da 300, sai jikin icen ya fara rugujewa yana fitar da tururi mai kamawa. Tururin ya haɗu da iska ya kama, zafin da ya bayar ya koma kan icen ya tatso wani sabo, a haka wuta ke ciyar da kanta. Masu yin gawayi wannan ilimin suke aiki da shi ko da ba su kira shi da suna ba: su tara ice su binne da ƙasa, su bar 'yar kafa, zafi ya kore tururin ba tare da isasshiyar iskar da za ta cinye icen duka ba. Abin da ya rage shi ne gawayi, wanda ke yin jajir da garwashi amma harshensa kaɗan ne, domin abin da ke yin harshen ya riga ya tafi.

Ka riƙe wannan da kyau, domin amsar tambayarka a nan take kwance. Abu ba ya buƙatar harshen wuta ya lashe shi kafin ya kama. Zafi kawai yake buƙata, isasshe, na isasshen lokaci.

A aji muna cewa wuta kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: makamashi, zafi, da iskar oksijin. Ka janye ɗaya, tukunya ta kife. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kusan duk sauran naitirojin ne wanda ba ya taimaka wa wuta da komai. Masanin nan na Faransa, Lavoisier, shi ya tabbatar a shekarun 1770 cewa ƙonewa haɗuwa ce tsakanin abu da oksijin, amma maƙeranmu sun daɗe da sanin amfanin iska. Gawayin ƙirya da zai yi ta ci a hankali a kasko, da an sa masa zuga-zugi sai ya mayar da ƙarfe ja har ya yi laushin da za a ƙera shi. Gawayin bai canza ba, iskar ce ta ƙaru. Idan kuma oksijin ya ragu zuwa wajen kashi 15, yawancin harsunan wuta mutuwa suke yi. Garwashi kuwa yana iya ci gaba a ƙasa da haka, a ɓoye, ba harshe. Bahaushe ya san wutar ƙaiƙayi, wadda sama toka ƙasa wuta. Ita ce ke kwana cikin dilar auduga ko cikin katifa bayan kowa ya tafi da tunanin an kashe.

Masana sun ƙara abu na huɗu, wato sarƙar haɗuwar sinadarai da ke gudana cikin harshen wutar kansa. Farar hodar da ke cikin jar tukunyar kashe gobara wannan sarƙar take katsewa, shi ya sa take kashe harshe nan take. Sai dai ba ta sanyaya abin sosai, don haka wuta kan dawo idan an juya baya da wuri.

Yanzu ga yadda zafi ke tafiya, kuma ta hanya uku yake bi. Ta farko ita ce bin jikin abu, kamar yadda ludayin ƙarfe da aka bari a tukunyar miya ke ƙona hannu. Ƙarfe gwani ne a wannan. Kwanon rufi, rodi, bututu, ƙofar ƙarfe, duk suna ɗaukar zafi daga wannan gefe su kai wancan. Ta biyu ita ce tafiya tare da iska mai zafi da hayaƙi, waɗanda kullum sama suke nufa, idan sun tarar da rufi kuma su bazu ta gefe suna neman kafa. Ta uku ita ce huci, kuma ita nake zargi a kan shagonka.

Huci shi ne abin da kake ji a fuskarka idan ka zauna jin ɗumi da hunturu. Wutar ba ta taɓa ka ba, iskar da ke tsakaninku ma sanyi gare ta, amma goshinka na zafi, bayanka na sanyi. Idan wani ya gifta tsakaninka da wutar, nan take ɗumin ya yanke. Zafin rana ma ta wannan hanya yake iso mana. Huci yana tafiya a miƙe kamar haske, ba ruwansa da inda iska ta nufa, kuma ƙarfinsa na hauhawa da sauri ƙwarai yayin da wuta ke ƙara zafi da faɗi. Wutar jin ɗumi ba ta wuce faɗin tabarma ba. Ka kwatanta ta da layi guda na shaguna goma ko ashirin suna ci lokaci ɗaya, harshe ya fi rufin tsawo, zafinsa na kusan digiri 1,000. Wannan bango ne na wuta yana kallon ƙofarka kai tsaye, tazarar mita huɗu ko biyar ba komai ba ce a wurinsa. Mu kanmu da rigunan aiki, a irin wannan layi ba ma iya tsayawa sai wani na watsa mana ruwa. Na taɓa ganin fentin motarmu ya kumbura ya ɓare, robar fitilarta ta narke ta zubo, alhali ko tartsatsi bai sauka a kanta ba.

To ƙofarka ta ƙarfe ta sha wannan huci na tsawon mintuna. Falle ɗaya ne na ƙarfe, ba kauri, don haka cikinta ya yi zafi daidai da wajenta, ita ma ta koma tana huci zuwa cikin shago kamar kaskon suya. Na san yadda 'yan atamfa ke jera kaya, har bakin ƙofa, turmi kan turmi, wasu cikin ledarsu, wasu a rataye. Leda ta fara narkewa, yadin ya fara gasuwa yana fitar da irin tururin nan na kyandir. Hayaƙin da masu gadi suka gani yana fita ta ƙarƙashin ƙofa shi ke nan: kayanka suna dahuwa tun kafin su kama. Daga nan abu biyu ne, ko tartsatsi guda ya shigo ta kafar iska ya kunna tururin, ko zafin ya kai matakin da tururin zai kama da kansa ba tare da an kunna shi ba. Ga auduga da takarda wannan mataki bai wuce 'yan ɗaruruwan digiri ba, ƙasa sosai da abin da wutar ɗaya layin ke aikowa.

Akwai kuma abin da ba wanda ke ɗaga kai ya duba. A yawancin kasuwanninmu bangon da ke raba shago da shago a silin yake tsayawa. Sama da silin kuwa rami ne guda ɗaya dogo, daga farkon layi har ƙarshensa, cike da busasshen katako, da yanar gizo, da wayoyin lantarki. Hayaƙi mai zafi yana shiga nan ya yi gudu a kan shaguna goma, ya kunna katakon rufi, wuta ta faɗo daga sama cikin shagon da ƙofarsa ko ɗumi ba ta yi ba. Idan kuma an haɗa layi da layi da rumfar tamfol ko buhu ko leda saboda rana, an gina wa wuta gada ke nan da hannu. Ni a ganina waɗannan abubuwa biyu, ramin silin da rumfar tsakanin layi, sun fi komai cinye kasuwanni, kuma gyaransu bai kai kuɗin dila biyu ta shadda ba.

Mutane kan yi mamakin saurin abin. Mai gadi zai ce wallahi 'yar ƙarama ce, kafin ya ɗebo ruwa ta gagara. Gaskiya yake faɗa. A cikin ɗaki ko shago, hayaƙin da ya taru a ƙarƙashin rufi yana ta ƙara kauri da zafi, shi ma kuma yana huci zuwa ƙasa a kan duk abin da ke ɗakin. Kujera, labule, kwali, kowanne ya fara fitar da tururinsa. Idan zafin hayaƙin saman nan ya kai digiri 500 zuwa 600, sai komai ya kama a lokaci guda, cikin daƙiƙoƙi, daga bango zuwa bango. Bayan wannan lokaci ba a maganar ceton abin da ke ciki, sai dai a kare maƙwabta. A zamanin da kayan ɗaki tabarma ce da gadon kara da katifar rimi, ana samun ɗan lokaci. Yanzu katifa soso ce, kujera soso ce, labule da kafet da bokiti duk roba, kuma roba daga ɗanyen man fetur ake yin ta. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna ɗaki mai kayan zamani yana iya kaiwa wannan mataki cikin ƙasa da minti biyar, alhali mai kayan zamanin da, na katako da auduga, yana kusan rabin awa. Ka auna wannan da lokacin da motar 'yan kwana-kwana za ta ɗauka ta ratso cunkoso ta sami hanyar shiga layin da aka cike da tebura.

Wani abu mai ciwo da zan faɗa, kuma na san ba shi da daɗin ji ga wanda dukiyarsa ke ciki: ɓalle ƙofofi lokacin gobara yakan ƙara mata ƙarfi. Shagon da ke rufe yana ci, wutarsa kan cinye oksijin ɗin ciki ta lafa, ta bar ɗakin cike da tururi mai zafi wanda bai ƙone ba. Duwatsu biyu na nan, na uku kaɗai ake jira. Da an fasa ƙofa iska ta kwarara ciki, sai abin ya tashi da ƙara ya yo waje kan wanda ya buɗe. Alamominsa su ne ƙofa mai zafin da ba ta taɓuwa, hayaƙi mai kauri ruwan ƙasa ko rawaya yana fita yana komawa ta kafa kamar numfashi, gilashi ya yi baƙi. Wanda ya ga haka ya ja da baya. A gida ma, idan ɗaki ya kama kuma kowa ya fito, jawo ƙofar a rufe yana sayo mintuna masu daraja.

Sai maganar ruwa. Ruwa ya zama babban makaminmu ne saboda yawan zafin da yake sha kafin ya zama tururi. Dutsen zafi yake janyewa: ya sanyaya ice ko yadi har su daina fitar da abin da ke ci. Lita ɗaya idan ta tafasa tana zama tururi kusan lita 1,700, wanda shi ma ke ture iska daga wurin. Shi ya sa ake watsa shi a gindin wuta, a kan abin da ke ci. Wanda ke watsawa a harshe asarar ruwa kawai yake yi.

Amma janareton maƙwabcinka fetur ne a cikinsa, kuma fetur ya fi ruwa rashin nauyi, ba ya kuma gauraya da shi. Ruwan ya shige ƙasa, man ya hau kansa yana ci, ruwan ya zama abin hawansa, ya bi gangare da shi zuwa ƙarƙashin tebura da cikin kwata. Abin da kuka gani ke nan. Wutar fetur rufe ta ake yi: yashi, ƙasa, hoda, ko kumfar da muke amfani da ita wadda ke kwanciya a kan man ta raba shi da iska. Man suya ya fi wannan muni. Kaskon mai ƙosai idan ya kama, man ya haura digiri 300. Kofi guda na ruwa zai nutse ƙasan kaskon, ya zama tururi a ƙiftawar ido, ya watso man sama yana ci, har ya kai rufi. Na ga matan da suka rasa fatar fuska da hannu ta wannan hanya, kuma duk da niyyar taimako aka watsa ruwan. A kashe murhun, a rufe kaskon da faifan ƙarfe ko babban murfi, a bar shi ya huce, kada a ɗauke shi. Wutar da lantarki ke cikinta kuma, a yanke wutar daga mita tukuna, domin ruwa na iya kawo ta har hannun mai riƙe da bokiti.

Tunda mun zo kan fetur, bari in daɗe kaɗan, domin ya kashe mana mutane da yawa. Kowane mai yana da matakin zafin da zai fara fitar da tururin da ashana za ta iya kunnawa. Na kananzir yana farawa daga wajen digiri 38, na man gas, wato dizal, ya haura 50. Na fetur kuwa yana ƙasa da sifili da kusan digiri 40. Ma'ana babu wata rana a ƙasar Hausa, ko da tsakiyar hunturu ce, da buɗaɗɗen fetur ba ya fitar da tururi mai kamawa. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Kwanciya yake a ƙasa yana malala kamar ruwan da ido ba ya gani, ya bi kwata, ya taru a rami. Kashi 1.4 cikin 100 kacal na iskar wuri ya isa ya kama, har zuwa wajen kashi 7.6. Sama da haka ya yi yawa, iskar ba ta isa ba. Wannan ne dalilin da ya sa duron da aka juye ya fi cikakke haɗari ga mai walda: cikakken ba iska a cikinsa, wanda aka juye kuwa tururi da iska sun gauraya daidai. Shi ne kuma dalilin da kananzir ɗin da aka gurɓata da fetur ke fasa risho da fitila.

A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tanka ta faɗi da dare, man ya kwarara cikin magudanar ruwa, jama'a suka taru ɗiba. Fiye da mutum 150 suka rasu. Watanni uku bayan nan, a Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. A Yamai ma an yi a watan Mayun 2019 kusa da filin jirgin sama, mutum fiye da 50 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Abin da nake so a gane shi ne, wanda ke tsaye nesa da tankar yana kallo, ƙafarsa a bushe, yana iya kasancewa tsundum cikin tururin har gwiwa. Tartsatsin da ake buƙata kuma ƙanƙane ne ƙwarai: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, a tayar da babur, a kunna injin jan mai. Idan kana jin warin fetur, kana cikinsa.

Gas na girki haka yake, ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan kicin, kuma kashi 2 cikin 100 ya ishe shi. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa wannan ɗoyin don hanci ya gane. Wanda ya shiga ya ji shi kada ya taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa, domin kowanne na yin ɗan tartsatsi a ciki. A rufe kan tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofa da taga, a fita.

Ka ce ka kashe lantarkinka, kuma ka kyauta. Sai dai layi guda rufi guda ne, kuskuren mutum ɗaya na kowa ne. Waya tana zafi gwargwadon nauyin da aka ɗora mata, kuma idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Siririyar wayar da aka ja don ƙwai biyu da fanka, yau an ɗora mata firji da hita da dutsen guga. Inda aka murɗa waya da waya aka naɗe da leda, ko soket ɗin da ya yi sako-sako, nan zafi ke taruwa a hankali har robar ta gasu. Fis an yi shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Wanda ya maye gurbinsa da ƙatuwar waya don ya huta da canji ya mayar da wayar cikin silin ta zama fis ɗin. Sannan ga wadda muka fi gani: an ɗauke wuta da rana, an manta hita ko dutsen guga a kunne, an kulle an tafi, an kawo wuta ƙarfe biyun dare. Yanzu kuma batiran sola sun shigo kowane shago. Na ruwa suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji, don haka suna son wuri mai iska. Na litiyam idan suka lalace suna iya zafafa kansu da kansu har su kama, kuma sukan sake tashi bayan an kashe.

Ka duba watannin da manyan kasuwanni suka ƙone. Babbar kasuwar Jos, Fabrairun 2002. Kasuwar Sabon Gari ta Kano, Maris 2016. Babbar kasuwar Sakkwato, Janairun 2021, ta Katsina kuma Maris 2021. Kasuwar Monday ta Maiduguri, Fabrairun 2023. Duk a rani ne, daga hunturu zuwa farkon bazara. A wannan lokaci danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako da kwali da yadi duk sun saki ɗan ruwan da ke jikinsu. Wancan mataki na farko da na ce ɗanyen ice na jinkirta wuta, an riga an tsallake shi. Ga iska kuma tana yin aikin zuga-zugi, tana kwantar da harshe a kan abin da ke gaba, tana ɗaukar tartsatsi ta kai layi na uku. Siririn abu kuma ya fi saurin kamawa, domin ko'ina na jikinsa na taɓa iska kuma ba shi da kaurin da zai shanye zafi. Kara na kamawa da ashana ɗaya, gungume sai an yi da gaske. Yadin da ke rataye ya fi wanda ke naɗe a turmi saurin ci nesa ba kusa ba, tunda wuta sama take hawa tana gasa abin da ke bisanta. Azuzuwan zana da suka ƙone da yara a Yamai cikin Afrilun 2021 da Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar, inda yara 20 ko fiye suka rasu a kowanne, wannan ne ya faru: busasshiyar ciyawa a tsaye, iska ta ko'ina, ƙofa ɗaya.

Kai dukiya ka rasa, Allah ya tsare rai, amma tunda wasu za su karanta, dole in faɗi wannan. A gobarar gida yawancin waɗanda ke mutuwa hayaƙi ne ke kashe su kafin wuta ta iso. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Mai barci ba ya farkawa, nauyi kawai barcin ke ƙarawa. Ita ce ke kashe iyali guda idan an kwana da kaskon gawayi ko janareto a rufaffen wuri. Soso idan yana ci yana ƙara wata gubar, sayanaid. Iska mai dama-dama tana ƙasa, don haka da rarrafe ake fita. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A yau wannan ya haɗa da maganin sauro na kunnawa da ake ajiyewa kusa da katifa, da kyandir a kan talabijin, da turaren wuta a ƙarƙashin labule.

Idan Allah ya hore ka tashi sake gini, Alhaji, ka tara 'yan layinku ku yi magana ɗaya. Bangon da ke tsakanin shaguna a kai shi da bulo har ya taɓa kwano, ko da bayan kowane shago uku ko huɗu ne, kada a bar kafa ko ta waya sai an toshe da siminti. Rumfar tsakanin layi a cire ta, in kuwa dole ne a yi wadda ake naɗewa kullum da yamma. Layi ya sami makashin lantarki guda a waje inda mai gadi zai iya kaiwa. Janareto da jarkar mai su koma wani keɓaɓɓen wuri a wajen layi, da bokitan yashi a gefensu. Masu gadi su riƙe lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, su kira tun a hayaƙin farko, kafin su fara neman bokiti. A cikin shagonka kuma, ka bar tazarar kamu biyu tsakanin ƙofar ƙarfe da turmin farko, haka tsakanin saman kaya da silin, kuma kayan da ke rataye a sauke su kafin a kulle.